Fentin Turakun Burtali

Ni ba mutum ne mai iya zama wuri ɗaya ba. Mahaifiyata ta sha faɗa cewa ko a goye nake sai na yi ta shure-shure, matata kuma takan ce babur ɗina ya fi ta sanin inda hankalina yake. Wannan halin ne ya ja mini, a shekarun farko da sojoji suka koma bariki aka ce kowace mazaɓa ta fitar da kansilanta, na tsinci kaina sakataren wani kwamiti, ba tare da an roƙe ni sau biyu ba. Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can tsakanin Rano da Kibiya, in ka saki titi ka bi hanyar da ke gangarawa wajen Fassi. Iyalina suna cikin garin Rano, saboda haka kullum ina bisa hanya.

Kansilanmu na farko tela ne. Ko bayan an rantsar da shi bai daina rataya tef ɗin awo a wuya ba, kuma in kana masa magana sai ka ga yana kallon kafaɗarka kamar zai yanka maka riga. Mutumin kirki ne, wannan ba zan janye ba duk da abin da ya biyo baya. Abin da ya sa a gaba shi ne burtali, wato hanyar da ake bar wa shanu a tsakanin gonaki daga ruga zuwa mashaya. Namu ya tsuke. Kowace damina manomi zai ƙara kunya ɗaya a gefensa, na ɗaya gefen ma ya ƙara tasa, har aka kai ga sa biyu ba sa iya jerawa. Duk kaka sai an yi faɗa, wata shekarar har da fasa kai.

Rugar da ke bin wannan burtali tana bayan dutse, shugabanta kuwa Ardo ne, dattijo dogo marar yawan magana. A nan aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa, kuma in ana ciniki a kasuwa Hausarsa ta fi tawa kaifi. Modibbo yake kirana, wato malam da Fulatanci, don tsokana, saboda biron da nake sokewa a gefen hula. A shekarar ƙannensa biyu sun riga sun yanke shawarar kwashe shanunsu su yi kudu, suna ta matsa masa ya bi su. Shi ba ya son tafiya. Amma garke ba ya zama inda ba shi da hanyar ruwa, kuma ya san haka fiye da kowa.

Kwana uku muka yi muna taka burtalin da igiya, mu 'yan kwamitin da dagaci da masu gonaki da mutanen ruga. Kansila yana gaba da tef ɗinsa, ni ina baya da littafi. Wanda ya fi kowa asara shi ne Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin namu. Kunya shida igiya ta cinye masa daga wannan kai zuwa wancan. Ya yi ta huci, ya ce tun yana yaro yake noma wurin, amma da dagaci ya dube shi sai ya sa babban yatsa a tawada ya dangwala. Kowa ya dangwala, aka buga hatimi. Takardar asali kansila ya ɗauka ya ce zai kai sakatariya a buɗe mata fayil. Ni kuma na kwafe ta da hannuna na ba Ardo, don ya ga ina ƙaunarsa.

Ya juya takardar gaba da baya, ko da yake ba ya karatun boko, sannan ya ce, “Modibbo, in telan nan ya sauka fa?”

Na tuna amsar da na ba shi kalma da kalma, don ta sha hana ni sukuni. Na ce, “Ardo, yanzu ba mutum ke mulki ba, doka ce. Kansila zai zo ya tafi, turke yana nan inda aka kafa shi.”

Ban daɗe da jin wannan magana a wata bita da aka yi mana ba, kuma rediyo ma ita yake ta maimaitawa. Na yarda da ita har cikin raina. Ardo ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da ƙannensa suka tashi bai bi su ba. Kafin damina ta zagayo ya yi wa ɗakinsa na ƙasa rufin kwano, ya kuma sayo dashen mangwaro huɗu a Rano ya dasa a bayan gida. Duk wanda ya san makiyayi ya san abin da dashen mangwaro yake nufi.

Aka buga turakun siminti arba'in da biyu, aka kafa su a gefe da gefe. Sai magini ya ce in dawa ta yi tsayi ba wanda zai ga turke mai launin toka, garmar shanu za ta yi ta karo da su, dole a shafa musu fenti. Kansila ya ce ba a yi tanadin fenti ba, sai an sake rubutawa, kuma rubutawar tana iya cin wata uku. A nan ne rashin haƙurina ya yi aikinsa. Na tuna na ga gwangwanayen fenti a bayan shagonsa, ragowar wanda aka shafe ofishin jam'iyyarsu da shi lokacin kamfe. Na ce ga fenti yana bushewa a banza, me za mu jira? Har ina jin kaina mai dabara, mai tattalin kayan jama'a. Ba zan faɗi launin ba, don a wajenmu har gobe launi magana ne. Da hannuna na shafa shi, kwana biyu, ina yi ina waƙa.

Ranar buɗewa aka zo da makaɗa, magoya bayan kansila suka cika wurin, kowa da hula mai launin turakun. Baffa, wanda jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen, ya tsaya daga nesa da fartanya a kafaɗa. Da na je gaishe shi abu ɗaya ya tambaye ni, wa ya zaɓi fentin. Na bugi ƙirji na ce ni ne. Ya ce to, madalla. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara cewa turakun burtali. Turakun tela ake cewa, wasu kuma su kira su da sunan jam'iyya kai tsaye.

Damina uku abin ya yi kyau, kuma ba na so in rage wa waɗannan shekaru daɗinsu. Da hantsi in na taho makaranta nakan kashe babur a bakin burtalin in tsaya kallon shanun Ardo suna gangarawa rafi, a jere, ba mai ɗaga musu sanda. Ba a fasa kan kowa ba. Matan ruga suka riƙa biyowa ta nan da ƙwaryar nono, suna tsayawa hira da matan manoma. Ni da ban iya zama ba, a wurin nan nakan yi minti goma ban motsa ba.

Sai aka sake zaɓe, tela ya faɗi, jam'iyyar su Baffa ta hau.

Washegarin ruwan shuka na taho da safe, na tarar da turke na farko kwance a gefen hanya, gindinsa da ɗanyar ƙasa. Na biyu ma haka, har zuwa na bakwai. Garma ta bi ta inda suke ta fitar da kunya shida sababbi, a miƙe sambal. Ko ban tambaya ba na san aikin waye, don a duk yankin ba mai huɗa a miƙe kamar Baffana. Ban je aji ba. Na same shi a zaure yana gyara irin dawa, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, cikin ladabin da na iya tattarowa, ai yatsansa yana kan takarda.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Gwamnatin da na dangwala wa ta tafi. An sauke allunanku, ofishinku an mai da shi shagon taki. Turakunku ne kaɗai za su zauna?”

Na ce ba namu ba ne, na kowa ne. Ya ce in na kowa ne me ya sa suke sanye da rigar mutum ɗaya. Baffa ba mugu ba ne, yana da bakuna da yawa da yake ciyarwa, kuma abin da rayuwa ta koya masa ke nan. Ya ga zamanin En'e, ya ga soja, ya ga farar hula, ya sake ganin soja, kuma duk wanda ya zo da tsintsiyarsa yake zuwa ya share na gabansa. A ganinsa alkawari da gwamnati kamar haya ne, in mai gidan ya canja sai a sake magana. Ni ne na zo da sabon karatu, kuma ni ne na shafa masa fentin da ya ƙaryata shi.

Daga nan na shiga kai-komo. Shekara guda da wani abu ban san hutun Asabar ba. Sabon kansila mai kemis ne, mai fara'a, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya ce burtali abu ne mai kyau, shi ma kakarsa Bafulatana ce. Sai dai in aka gan shi yana tayar da turaku masu wancan launi, yaransa za su ce ya ci amanarsu yana yi wa abokan hamayya aiki. Ya ce in kwantar da hankalina, zai kafa nasa kwamitin, a buga sababbin turaku, a yi sabon bikin buɗewa. Da sunayen kwamitin suka fito babu nawa, wai ni ne mai fenti. Ban damu ba, in dai za a yi. Kwamitin bai taɓa zama ba, don kafin a tsayar da rana aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi.

Kantoma ya saurare ni da kyau, yana duba agogo. Ya ce shi riƙo aka ba shi na 'yan watanni, ba zai tono abin da zai bar wa wani ba, amma in na kawo fayil zai sa hannu a tura gaba. Ni da wani akawu muka yini a ɗakin ajiya muna ɗaga fayil-fayil, gara ta ci wasu, jemage ya ɓata wasu. Ba mu ga namu ba. Akawun ya ce bai taɓa ganinsa ba ma, in tambayi wanda ya kawo.

Na koma wurin tela. Ya koma kan kekensa, ya rame kaɗan. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗaga yadudduka, ga takardarmu a ƙasa cikin leda, da hatiminta da yatsunta, tsaf. Farin ciki ya sa na miƙa hannu. Ya mai da ita ya rufe kabad ɗin. Ya ce wannan aikinsa ne, guminsa ne, in ya ba su gobe za su sa sunansu su ce su suka yi. Zai ajiye ta sai kamfe na gaba, ya nuna wa jama'a abin da aka rushe, in ya dawo kuwa ranar farko zai tayar da turakun. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce shanu ba sa jiran kamfe. Ya ce in yi haƙuri. Wannan ya fi abin da Baffa ya yi ciwo a raina, don shi ne mutumin da na nuna wa Ardo na ce ga doka.

Wurin dagaci ma na je. Ya bar ni na gama zubo bayanina, sannan ya ce da can in ya ce a bar wa shanu hanya, an bari ke nan. Mu 'yan boko muka ce yanzu magana ta koma hannun zaɓaɓɓu, to ga su nan, in je gare su. A kotu kuwa magatakarda ya dubi kwafin da na aro daga wurin Ardo, ya ce wannan rubutun hannuna ne, ba hatimi ba yatsa, ko ni zan iya rubuta goma irinsa kafin azahar. Gaskiya ya faɗa.

Duk wannan lokacin shanun Ardo zagaye suke yi ta bayan dutse, tafiyar da ke cinye musu rabin yini kafin su ga ruwa. Suka rame. Wata karsana ta zame a kan falalen dutse ta karye, aka yanka ta. Shi kuwa yakan zo makaranta lokacin tara, ya zauna a gindin darbejiya da sandarsa a kan gwiwa, ya jira ni. In na fito ya tambayi iyali, ya tambayi babur, sannan ya ce ina aka kwana. In ce ana nan ana ƙoƙari. Bai taɓa tuna mini abin da na faɗa masa ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Abinci ya daina yi mini daɗi, a aji ina rubutu a allo sai in manta abin da nake rubutawa, matata ta ce ko dai in bar maganar nan ko in kwashe kayana in koma rugar.

Ya kamata in faɗi cewa ba duka turakun suka faɗi ba. Daga tsakiya zuwa rafi gonakin mutanen tela ne, kuma su sun bar nasu a tsaye, suna ma share musu ciyawa. Ba don shanu suke yi ba, don kada a ce launinsu ya kwanta ne. A lokacin ban gane haka ba. Abin da na gani kawai shi ne fenti ne ya jawo masifa, to a canja fenti. Wata Asabar da sassafe na ɗauro gwangwanin farin fenti a bayan babur tun daga Rano, ban shawarci kowa ba. Na tayar da waɗanda ƙarfina ya iya tayarwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tsaye da na kwance, na mai da su fari fat. Da na gama na tsaya a kan tudu na hango su a jere cikin kore, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce yanzu ba na kowa ba ne, na kowa da kowa ne.

Kafin la'asar labari ya zagaya. Mutanen tela suka ce na goge musu aiki, an saye ni. Mutanen su Baffa suka ce wa ya aike ni, da izinin wa. Tela ya aiko a gaya mini kada in ƙara taka shagonsa. Waɗanda a da suke share wa turakun ciyawa suka ce tunda ba nasu ba ne yanzu, ba su ga dalilin da za su yi asarar kunya ba alhali na sama sun ci tasu. Kafin a yanke dawa ba turke ɗaya a tsaye. Wani ya ja nasa gida ya yi dokin ƙofa da shi, wani ya ɗaure jaki. Sanda suke da launin jam'iyya rabin gari ke tsaronsu. Da na mai da su farare, ni kaɗai na rage, ni kuma ba ni da ko gona a wurin.

Ardo ya tashi bayan kaka. Da rana tsaka ya zo makaranta sallama, shanun sun riga sun yi gaba da 'ya'yansa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce in na samu hali in riƙa leƙa mangwaron, na ƙarshen nan bai yi ƙarfi ba, yana son ruwa da rani. Na ce zan yi. Na kuwa yi, don shi ne kaɗai alkawarin da ya rage a hannuna. Duk rani ina ɗaura jarka biyu a babur in hau bayan dutse, in tarar da ɗakin kwano a kulle, in zuba ruwa in juyo.

Shekaru suka wuce, aka yi kansiloli ban san adadinsu ba. A wani zaɓe aka ɗauke mu malaman makaranta aikin rumfa, aka ajiye ni a firamarenmu da rajista a gabana. Wajen azahar na ɗaga kai don karɓar katin na gaba, sai ga Ardo. Ya tsufa, gemun ya yi fari duka. Ɗan acaɓa ne ya kawo shi daga inda mota ta sauke shi, bayan tafiyar kwana guda. Na duba rajista, sunansa na nan, da sunan ƙauyenmu a gabansa, kamar bai taɓa tashi ba. Na ce Ardo, duk wannan nisa? Ya ce ai a nan aka rubuta shi.

Na miƙa masa takardar ƙuri'a. Ya riƙe ta nesa da ido yana bin alamomin da kallo daga sama har ƙasa, kowace da launinta. Sannan ya sunkuyo, ya rage murya don kada na bayansa su ji.

“Modibbo, wanne ne na masu farin fenti?”

Ba tsokana a fuskarsa, da gaske yake tambaya. Na ce masa doka ta hana malamin zaɓe ya nuna wa kowa inda zai dangwala. Ya gyaɗa kai, kamar wanda ya ji daɗi cewa akwai wata dokar da ke aiki, ya shiga bayan labule. Ban san wa ya zaɓa ba.

Da ya fito ya jefa a akwati, ya tsaya yana goge yatsa a gefen riga. Ɗan acaɓan yana ta danna masa oda. Ya ce ba zai samu hawa bayan dutse ba, motar komawa ba ta jira, amma yaya mangwaron? Na ce duka huɗun sun kama, bana har sun yi 'ya'ya. Ya yi murmushi ya ce Alhamdu lillahi, ashe dai wani abu ya tsaya. Ban gaya masa cewa tun bara garma ta kai gindinsu ba, kuma kunyoyin a miƙe suke sambal. Ya hau babur, ni kuma na karɓi katin na bayansa.